Tafiyar da Jan Biro Ya Gyara

Waɗanda suka yi aiki da shi a kamfanin talla sun ce Jan Biro ba ya iya ganin mutum yana tafiya bai ƙirga masa taku ba. Mai gadin ɗakin karatu ya ce wata rana mutumin ya taka masa ƙafa a kan matakala, maimakon ya ba shi haƙuri sai ya tsaya yana nuna masa inda ya kamata ya ajiye ƙafar tun farko. Ɗalibansa suna cewa bakinsa ya fi bironsa ja, amma duk wanda ya jure masa wata shida zai fita da hannu mai kyau. Matar wansa kuwa ba ta cewa komai. Idan aka ambace shi a gabanta, sai ta juya ta tambaya ko an sauke tukunya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zane mai motsi, irin hotunan nan da ake jerawa shafi bayan shafi, sha biyu a daƙiƙa guda, har ido ya rantse suna da rai. Da ya ajiye aiki sai ɗakin karatu ya ba shi wani ɗaki a saman bene, kowace Asabar da hantsi. Kujeru tara ne a ciki, da majigi, da wata fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Ɗaliban duk manya ne masu sana'arsu: Direba mai tasi, da Mai Kemis, da wata malamar firamare, da wani gajeren mutum da kowa ke kira Dogo. A waya suke zanen da yatsa. Ba ya barin kowa ya zana fuska ko riga. Ɗan tsinke kawai: da'ira ɗaya kai, layi ɗaya gangar jiki, layi huɗu hannuwa da ƙafafu.

Dokarsa guda ce, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Idan za a kunna aikinka, ba ka da bakin magana.

"Kada ka yi mini bayani," yakan ce. "Ranar da baƙo zai kalli abin nan, kai kana gida kana barci. In zanen bai faɗa ba, to bai faɗu ba."

Asabar ɗin da abin ya faru, da aikin Direba aka fara. 'Yan tsinke biyu ne suke dambe a kan farin bango.

"Naushin nan daga ina ya fito?" Jan Biro ya tambaya, yana ƙwanƙwasa tebur da gindin biro. "Mutum yana tsaye lafiya lau, sai ga hannunsa a hancin ɗan'uwansa. Ba shi shafi uku ya ja kafaɗa baya, ya zuba nauyinsa a ƙafar baya, sannan ya saki."

"Malam, ai a tasha ba a ba da sanarwa," in ji Direba.

"Shi ya sa haƙoranka ba su cika ba."

Aka kwashe da dariya, har da Direban.

"Shi kuma wanda aka nausa ya tashi sama kamar leda. Mutum ne fa, ya karya kumallo. Bar shi ya faɗi da nauyinsa. Amma ƙafafun mai naushin sun kafu a ƙasa, wannan kam ka yi. Na gaba."

Na gaba Auta ce, 'yar wansa. Tela ce, ta ba shekara talatin baya kaɗan, ba ta da yawan magana. Wata bakwai da suka wuce, sati uku bayan rasuwar mahaifinta, ta hawo benen ta zauna a kujerar ƙarshe ba tare da ta sanar da kowa ba. Jan Biro ya ji daɗin zuwanta fiye da yadda ya nuna. Ya ɗauka zuwan nan magana ce, kuma maganar ita ce komai ya wuce.

Wansa mai raba wasiƙu ne a gidan waya, mutum mai sauri, wanda tun suna yara Jan Biro yake gudu-gudu kafin ya jera da shi. Ranar da ɓarin jikin wan nasa ya shanye, Jan Biro ya je asibiti. Ya tsaya a bakin gado yana kallon bakin da ya karkace, da hannun da ke kwance kamar an aro shi. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana kallon yadda jiki ke motsi, ya kasa kallon wannan. Ya ce zai dawo jibi. Tsakanin gidansa da na wansa bas biyu ne kacal. Shekara huɗu jibin bai zo ba. Yakan buga waya, matar wansa ta ɗauka. Yaya mai jiki? Da sauƙi. Zan shigo wani satin. Allah ya kawo ka. Ranar da ya shigo ɗin, an riga an lulluɓe fuskar.

Auta ta miƙa masa wayarta da hannu biyu. Ya jona ta da majigi.

"Baffa, kafin ka kunna..."

Ya ɗaga biro. "Nan ba Baffa. Kuma kin san doka."

Ta koma ta zauna, ta sa hannuwanta tsakanin gwiwoyinta.

A hagun bangon akwai layi biyu, ƙofa ke nan. A dama kujera. Ɗan tsinke ya fito daga ƙofar ya nufi kujerar. Jan Biro ya fara bugun tebur, yana ƙirge kamar kullum. Ƙafar dama shafi shida. Ta hagu sha ɗaya, kuma ba ta ɗaguwa, sai ta sulale a ƙasa ta zagayo. Hannun dama yana lilo, na hagu yana manne a ƙirji, bai motsa ba ko sau ɗaya. A taku na takwas ɗan tsinken ya tsaya cik. Daƙiƙa ɗaya, biyu, har ta uku ta kusa cika, ba abin da ya motsa sai kai da ya ɗan karkata. Sannan taku uku, ya juya, ya zauna.

Ya sake kunnawa. Ya ji ransa yana ɓaci. Yarinyar nan ta fi kowa hannu a ajin, kuma jininsa ce. Ba zai bari a fita ana cewa Malam yana da biro biyu ba, ɗaya na bare, ɗaya na 'yan gida.

"Kuskure uku ne duk sabon shiga yake yi," ya ce, ya juya ga ajin. "Na faɗa muku tun satin farko. Yau ga su an haɗo mana a faranti ɗaya. Direba, na ɗaya?"

"Ƙafa tana zamiya."

"Ƙafa tana zamiya, kamar an zuba mai a ƙasa. Na biyu, an manta da hannu ɗaya. An zana shi a shafin farko an bar shi nan yana jiran albashi. Na uku?"

"Mataccen wuri," in ji malamar firamare, a hankali.

"Shafi talatin da biyu babu motsi. Mai kallo zai zaci wayarsa ce ta tsaya."

"Ko dai ɗan tsinken ya ɗan sha ne, Malam?" Dogo ya jefo.

Wasu suka yi dariya. Auta ba ta ɗago ba.

"Malam," in ji Mai Kemis, "ni dai ina ganin kamar..."

"Naki ne?"

"A'a."

"To."

Da ɗalibi ne na waje, da sai ya rubuta masa gyaran a takarda ya ce ya je ya yi. Amma wannan 'yarsa ce, yana so ya ba ta abin da ba ya ba kowa. Ya jawo kujera, ya ɗauki wayar, ya ce kowa ya zuba ido ya ga yadda ake yi.

"Baffa, don Allah kar ka..."

"Kalla dai."

Ya fara da mataccen wurin. Ya goge shafukan nan talatin da biyu a shara ɗaya. Ya bi ƙafar hagu taku bayan taku, yana cire shafi biyar-biyar, yana ɗaga dunduniya, yana kafa ta a inda ta sauka. Ya ɓanɓare hannun daga ƙirji ya sake shi yana lilo. Yana yi yana bayani: a nan nauyi ke sauka, a nan kai ke yin ƙasa kaɗan, a nan ya tashi. Yatsansa yana gudu, ya manta da shekarunsa, ya manta da kukan fanka. Ya daɗe bai ji daɗin aiki irin haka ba. Da ya zo kan zaman kujera sai ya dakata.

"Wannan ba zan taɓa ba. Ku duba. Ya kai hannu baya ya laluɓi kujerar, ya riƙe numfashi, sannan ya saki jiki gaba ɗaya. Kujerar ma ta san an zauna. Ni kaina ba zan fi haka ba."

Minti ashirin da biyar ya ɗauka. Ya kunna. Ɗan tsinke ya fito daga ƙofa, ya ratsa bangon da sauri, kai a miƙe, hannuwa suna lilo, kamar mai saƙo a jaka. Direba ya tafa, sauran suka bi. Jan Biro ya rufe manhajar, ya zare igiya, ya miƙa mata wayar.

Manhajar irin wadda take adana duk abin da aka taɓa ce nan take, idan kuma aka rufe ta babu komawa baya. Ya san haka, shi ya zaɓa musu ita. Ya ga Auta tana danna wuri ɗaya, tana sake dannawa.

"Kina da kwafi ai?"

"A'a."

"To darasi na huɗu ke nan. Dogo, kawo naka mu ga wanda bai sha ba."

Ta zauna har aka tashi. Ta mai da kujerarta jikin bango kamar yadda take yi kullum, ta ce, "Na gode, Malam," ta sauka.

Asabar ta zagayo, kujerar ƙarshe babu kowa. Ya ce a ransa fushi ne na ɗalibi, ya ga irinsa ya fi ɗari. Amma zaman nan na kujera ya tsaya masa a rai. Yana aske gemu ya tuna shi, yana jiran bas ya tuna shi. Mutumin da ya ratsa ɗaki da wannan saurin, me zai sa ya zube a kujera kamar wanda ya hau dutse? Kuma hannun da ya iya zana zaman nan, yaya zai manta da hannu ɗaya har shafi ɗari da wani abu? Tun sati na uku da zuwanta ta yi masa tafiya mai tsabta, shi da kansa ya nuna wa aji.

Asabar ta biyu, da aka watse, Mai Kemis ta tsaya tana ta gyaran jakarta har kowa ya fita.

"Malam, yanzu an tashi, doka ta ƙare ko?"

"Faɗi."

"Ni ba gwana ba ce, kai ma ka sha faɗa. Amma irin tafiyar nan tana shigowa shagona kullum karɓar maganin hawan jini. Ƙafar ba zamiya take ba. Ba ta lanƙwasuwa ne, sai mutum ya jefo ta daga ƙugu ta zagayo. Hannun kuma haka yake zama, a naɗe a ƙirji." Ta rataya jakar. "Na ji an ce babanta ya yi jinya. Na ɗauka kai ka fi kowa sani."

Ya ji saukarta a matakala har ƙasa. Ya daɗe a tsaye, igiyar majigi a hannunsa.

Bai buga waya ba. Abin da ya iya shi ya yi. Ya share ƙurar tsohon teburinsa mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, ya yanko takardu, ya feƙe fensir. Sau biyu kawai ya ga tafiyar, amma ya ƙirga ta, kuma abin da ya ƙirga ba ya ɓace masa: shida, sha ɗaya, shida, sha ɗaya, talatin da biyu. Ƙirgen yana nan, jikin ne babu. Don haka safiya uku a jere ya je asibiti ya zauna a benci, a barandar da ake koya wa masu shanyewar jiki tafiya, littafi a kan gwiwarsa. Ya kalli wani tsoho mai hula, ya kalli wata mata da ɗanta ke riƙe da ita. Bai kau da kai ba ko sau ɗaya. A safiya ta uku ya lura cewa abin da ya gagare shi shekara huɗu, ga shi yana yi wa mutanen da bai san ko sunansu ba, kuma bai mutu ba.

Kwana tara ya yi. Shafi ɗari da arba'in da biyu, ya matse su da ƙarfen matse takarda, ya sa a ambulan. Ranar Laraba da azahar ya hau bas na farko, ya sauka, ya hau na biyu.

Matar wansa ce ta buɗe ƙofa, hannunta da kumfar wanki. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"A'a. Yau jibin ya yi?"

"Matar Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Wanda ka zo dubawa ya fita, ya ce kada a jira shi." Ta matsa gefe. "Shigo. Ka san hanya, ko in zana maka?"

Falon ƙarami ne. Ƙofar ɗakin kwana a hagu, kujera mai hannu a dama kusa da taga, katifarta ta lotsa a gefe ɗaya. Agogo a bango. Jan Biro bai kai ga zama ba idonsa ya faɗa kan ledar da aka shimfiɗa a ƙasa. Daga ƙofar zuwa kujerar, zanen furannin ledar ya goge a wasu wurare, rabin da'ira, rabin da'ira, duk a gefen hagu, a jere kamar an auna da ma'auni. Guda biyar. Ya ƙirga su kafin ya hana kansa.

Auta tana kan keken ɗinki a lungu, da allura a baki. Ta cire ta.

"Sannu da zuwa, Baffa."

Ya zauna a kan wata kujerar katako, ba a kujerar taga ba. Duk maganar da ya shirya a bas ta gudu. Ya zaro takardun daga ambulan ya ɗora a kan teburin keken.

"Na gwada mayar da shi."

Ta goge hannu a zaninta. Ta riƙe takardun ta sama, ta sake su da babban yatsa kamar yadda ya koya musu, ɗan tsinken ya fito daga ƙofa ya ratsa ya zauna. Ta sake. Matar wansa tana tsaye a bakin madafa, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

"Baffa, me kake so ya yi?"

Ya dube ta.

"Tambaya nake. Ni nakan tambaya kafin in taɓa. Ko riga aka kawo mini gyara, sai na ji ta wane ne, me ya dame shi da ita."

"Ina so ya yi tafiyar Yaya."

"To." Ta jawo kujerarta kusa. Muryarta ba ta tashi ba. "Hannun ka samu. Haka yake riƙe shi, har yatsun. Ƙirgen ma daidai ne, ban san yadda ka riƙe shi ba. Wannan ka yi."

Ya ji kalmarsa ce a bakinta, ya sunkuyar da kai.

"Amma wannan mutumin yana kallon ƙafarsa. Baba ba ya kallon ƙasa. Ya ce shekara talatin yana karanta lambar gidaje, wuyansa bai iya sunkuyo ba. Ka ɗaga kan." Ta buɗe wani shafi. "Nan kuma ka karkatar da shi kamar yana neman abin dafawa. Ya ƙi sanda. Mun sayo har biyu, ya ba mai shara. In ka miƙa masa hannu ma sai ya yi fushi. Sai dai in bi shi a baya, taku ɗaya tsakaninmu, kamar ni ma wajen tagar za ni."

"Sai me?"

"Sai kuma naka yana ba da tausayi. Wannan wani ne ka gani a wani wuri."

"A asibiti."

"Ka je asibiti?"

"Sau uku."

Daga bakin madafa matar wansa ta yi wata gajeruwar dariya ta hanci, ta juya ta shige. Aka ji ta buɗe famfo da ƙarfi.

"Ki sake zana shi," ya ce da sauri. "Hannun da ya yi sau ɗaya zai yi sau biyu. Zan ba ki teburina, zan zauna kusa, ba zan ce uffan ba."

"Na gwada." Ta ɗauko wayarta daga cikin yadi, ta ajiye ba ta kunna ba. "Ba mu da bidiyonsa ko ɗaya, ba ya yarda a ɗauka. Wata biyar nake yin wancan. In rufe ido in gan shi, in zana shafi biyu, in goge ɗaya. Yanzu in na rufe ido, naka nake gani. Mai saurin. Na kalle shi ya fi sau ɗari ina neman nawa a ƙarƙashinsa, har ya zauna mini a kai. Ya fi nawa kyau, shi ya sa." Ta kife wayar. "Umma ta gani ta ce haka yake tafiya lokacin da ya aure ta."

Sai a lokacin Jan Biro ya gane tafiyar wa ya zana a gaban aji, yatsansa yana gudu, ransa fari ƙal. Tafiyar wansa ce kafin ciwo, ita kaɗai ya sani.

"Wannan kowa ya san shi, Baffa. Duk unguwar da ya kai wa wasiƙa ta san shi. Wanda na zana, ni da Umma ne kawai muka san shi. Ka ɗauka don in koyi zane na hau benenka? Cewa na yi, tunda bai zo ya gani ba, bari in kai masa."

A madafa aka rufe famfo. A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa.

Ya ɗauki takardun ya buɗe tsakiya, inda shafi talatin da biyu suke iri ɗaya, ɗan tsinke a tsaye kawai. Nan ne ya fi ba shi wuya. Ya zana kan ya karkata dama, ya goge, ya karkata shi hagu, ya goge, har takardar ta huje.

"Tsayuwar nan," ya ce. "Ban san me yake yi a ciki ba. Ki yi mini bayani."

Ta dube shi. Sannan ta tashi ta je bakin ƙofar ɗakin kwana, ta juyo. Ta naɗe hannun hagu a ƙirji, ta ɗaga haɓa. Ta taka da dama. Ta jefo hagu daga ƙugu, ƙafar ta bi rabin da'irar da ke kan leda kamar an yi ta dominta. Jan Biro ya ga biro a hannunsa, har ya ɗaga zai bugi tebur. Ya mai da shi aljihu.

A taku na takwas ta tsaya. Ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ta karkata kai ta dubi bango.

"Nan numfashinsa yake ƙarewa. Ba ya so mu gane, sai ya yi kamar agogo yake dubawa. Sannan ya tambaye ni yau wace rana." Ba ta juyo ba. "In na ce Asabar, sai ya ce, 'Yau yana da aji.'"

"In ba Asabar ba ce fa?"

"Ba ya cewa komai. Sai ya ƙarasa."

Ba ta ƙarasa ba. Ta saki hannun, ta tsaya a wurin kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta tsakiyar ɗaki. Saura taku uku tsakaninta da kujerar. Matar wansa ta dawo bakin madafa, tana goge hannu da tsumma, tana ta gogewa ko da ya bushe.

Ya lalubi abin faɗa. Abin da ya fara zuwa bakinsa gyara ne: za a iya auna tazarar daga ledar nan, za a iya ɗaukar hoton Auta tana yi, a bi shafi bayan shafi. Duk gaskiya ne, duk zai yiwu. Ya haɗiye su. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya cire hularsa, bai san me ya sa ba, ya riƙe ta a hannu.

"Matar Yaya. Auta." Ya tsaya, ya sake farawa, da ƙarfi yadda za a ji har madafa. "Bas biyu ne kawai, ban zo ba. Tsoro ne, ba aiki ba. Ke kuma Auta, kin kawo mini shi har inda nake, na hana ki magana, na goge shi da hannuna ana tafi. Ba ni da gyaran wannan. Ku yafe mini."